Rancen Gwamnati da Mai Ƙaramin Jari a Kudancin Kano

(Jawabin da wani ɗalibi ya gabatar a zauren taro na Ƙungiyar Ɗalibai)



An umurce ni da in yi magana a kan rancen da gwamnati ke bayarwa, ko kuwa take tsaya wa, domin masu ƙananan sana'o'i, da kuma yadda za a kyautata shi. Batun yana da faɗi ƙwarai, saboda haka zan tsaya ga ƙananan hukumomi huɗu na kudancin Jihar Kano, watau Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, domin abin da ya same su shi ne ya sami mafi yawan karkarar ƙasar Hausa. Na kuma san cewa da yawa daga cikin waɗanda ke zaune a nan, nan da 'yan shekaru kaɗan su ne za su riƙe alƙalami a ma'aikatu da bankuna, su ne takardar mai neman rance za ta kwana a kan teburinsu. Da su nake magana musamman.

Duk wanda ya kama hanyar Zariya daga Kano, ya karkata a Kwanar Ɗangora ya nufi Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore har ya kai ƙasar Doguwa, ba zai ce ya ga matalauciyar ƙasa ba. A Bebeji ga madatsar ruwa ta Tiga, wadda gwamnatin Audu Baƙo ta kammala a 1974, ita ce ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura, ga kuma masunta a bakinta. A Tudun Wada ga shinkafa, da mata masu turara ta, da masu injin casa. A Doguwa, inda damina ta fi tsawo, ga masara, ga kuma duwatsun Riruwai da aka daɗe ana haƙar kuza a cikinsu. A kowane gari kuwa akwai tela da kafinta da mai walda da mai shayi da mai yin ƙuli-ƙuli a cikin gida. Waɗannan su ne ake kira masu ƙananan sana'o'i a takardun hukuma. A nan karkara ba a iya raba sana'a da noma, gama telan nan manomi ne, jarin mai injin casa kuma yana hawa yana sauka ne tare da kaka da bazara. Abin da suka rasa shi ne kuɗin juyawa a daidai lokacin da ake bukatarsa.

Kafin in shiga maganar gwamnati, bari in tuna mana da wani ɗan Bebeji. A garin ne aka haifi Alhaji Alhassan Ɗantata a 1877, cikin zuriyar Agalawa, fataken da suka saba da hanyar Gwanja. Da jirgin ƙasa ya iso Kano, cinikin gyaɗa ya buɗe, ya zama babban mai saye, har aka ce sa'ad da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano a 1929, kuɗin azurfa kayan raƙumi 20 ya kai ajiya. Ya rasu a 1955. Abin da ya shafe mu a tarihinsa shi ne yadda kuɗinsa ke fita. Yakan ba yaransa jari su shiga ƙauyuka su sayo gyaɗa, ba da takardar mallakar gida ba, ba da sa hannun lauya ba, sai don ya san su, ya san iyayensu, ya san wanda zai tsaya musu. Haka fataucin goro ya gudana tun kafin nan: mai gida shi ke tsaya wa baƙo a wajen dillali, in baƙo ya ci amana mai gida ya biya. Ashe ke nan tsarin nan da masana ke kira lamuni, watau wani ya ɗauki alhakin bashin wani, ba baƙo ba ne a wurinmu. Iyayenmu sun yi shi, ya kuma yi aiki, saboda mai tsayawa yana kusa, yana gani, kuma in abu ya ɓaci yakan biya nan take.

Gwamnatin Tarayya ta daɗe tana neman ta maye gurbin mai gidan nan. A 1973 aka kafa Bankin Manoma a Kaduna. A 1977 aka tilasta wa bankunan kasuwanci su buɗe rassa a karkara. A 1989 gwamnatin Janar Babangida ta kafa Bankin Al'umma na talakawa, aka ɗora Tai Solarin a kan shugabancinsa, a 1990 kuma aka zo da bankunan gari, waɗanda tsarin 2005 ya mayar da su ƙananan bankunan ba da rance. A 2000 aka haɗe Bankin Al'umma da Bankin Manoma, a 2001 aka kafa Bankin Masana'antu, a 2003 aka kafa hukumar SMEDAN. A 2013 Babban Bankin Nijeriya ya ware naira biliyan 220 domin ƙananan sana'o'i, aka ce kashi 60 cikin 100 na mata ne. A nan Kano ma gwamnatin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso, a zangonta na biyu, ta kafa ƙananan bankuna 37 a ƙananan hukumomi. A 2018 aka zo da TraderMoni, ana ba 'yan tireda naira 10,000. Na lissafa su ne da sauri don mu ga cewa ba ƙarancin shiri ke damunmu ba. Kusan kowace gwamnati ta zo da nata, da sabon suna da sabon ofis. Tambayar da ta kamata ita ce, me ya sa mai turara shinkafa a Tudun Wada har yanzu adashi ne bankinta?

Shirin da ya fi cancanta mu tsaya a kansa shi ne Asusun Lamunin Rancen Noma, wanda Doka ta 20 ta 1977 ta kafa, ya fara aiki a watan Afrilu na 1978. Gwamnatin Tarayya ce ke da kashi 60 na jarinsa, Babban Banki na da kashi 40. Hikimar da ke cikinsa ita ce, gwamnati ba ta fitar da kuɗi ta ba manomi. Banki ne ke ba da rancen daga cikin kuɗinsa, asusun kuwa ya yi alkawarin cewa idan manomi ya kāsa biya, zai mayar wa banki kashi 75 cikin 100 na abin da ya maƙale. Alal misali, a ce mai noman rani a gefen Tiga ya karɓi naira 100,000, tsutsa ta cinye tumatirinsa kamar yadda ta yi wa manoman Kano a 2016, bai iya biyan ko kwabo ba. Asusun zai biya banki 75,000, banki ya ɗauki hasarar 25,000. Wannan rabo yana da ma'ana. Da asusun ya ɗauki duka, banki ba zai damu da tantance wanda yake ba wa ba. Da kuwa bai ɗauki kome ba, banki ba zai kalli manomi ba sam. Kuma naira ɗaya ta lamuni tana iya jawo nairori da yawa na rance, tun da ba kowa ke kāsa biya ba. Wannan ne ya sa ƙasashe da dama suka bi wannan hanya: Amurka tana da hukumar ƙananan sana'o'i tun 1953, Koriya ta Kudu ta kafa asusun lamuninta a 1976, Indiya ta kafa nata a 2000.

To, a ina gizo ke saƙa? Lamuni alkawari ne, darajar alkawari kuwa cikawa. Bankuna sun daɗe suna kukan cewa in sun kai takardar neman a biya su, sai ta daɗe ana tantancewa, ana neman shaidar cewa sun bi duk hanyoyin karɓo bashin. Manajan reshe, wanda za a tambaye shi lissafi a ƙarshen shekara, ba zai so kuɗinsa su kwanta suna jiran sa hannun wani a Abuja ba, alhali kuwa yana iya sayen takardun bashin gwamnati ya sami ribarsa yana zaune. Daɗin daɗawa, iyakar abin da ake iya ranta ba tare da jingina ba ta tsaya a naira 20,000 shekara da shekaru, har hauhawar farashi ta mayar da ita abin dariya. Gyaran dokar da aka yi a 2019 ya ɗaga ta zuwa 100,000, ya kuma ɗaga jarin asusun zuwa naira biliyan 50. Madalla da gyara, amma duk wanda ya sayi taki tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 ya san inda naira 100,000 ke tsayawa. Rubuta adadin kuɗi a cikin doka, a ƙasar da hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024, kuskure ne da ya kamata a daina. A ɗaure iyakar da wani ma'auni mai tafiya da zamani, kamar kuɗin noman kadada ɗaya, a riƙa sabunta shi kowace shekara.

Sai kuma shirin da kowa ya sani, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi ranar 17 ga Nuwamba, 2015, na ba manoma rance ta hannun manyan masu sayen amfanin gona da ƙungiyoyin manoma. A nan Babban Banki ya bar matsayin mai tsayawa ya zama mai ba da kuɗin da kansa. An fitar da abin da ya haura naira tiriliyan 1, an ba da iri da taki da magani a maimakon tsabar kuɗi, aka ce a biya da amfanin gona. Ba za a ce bai yi kome ba, gama noman shinkafa ya bunƙasa, injinan casa sun yawaita a Kano. Amma da aka zo lissafi, Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ce zuwa farkon 2023 kashi 24 cikin 100 kaɗai aka mayar, Babban Banki ya ce a'a, kashi 52 ne. Ko da mun ɗauki lissafin Babban Bankin, kusan rabin abin da lokacin biyansa ya yi bai dawo ba. Da aka naɗa Olayemi Cardoso gwamnan bankin a 2023, ya bayyana cewa bankin zai janye hannunsa daga irin wannan rabon rance.

Masu zama a ofis sukan ce laifin manomi ne, ya ɗauki rance a matsayin rabonsa na arzikin ƙasa. Akwai gaskiya a ciki, ba kuma zan wanke wanda ya ci bashi ya ƙi biya ba, gama addininmu bai sassauta wa mai taurin bashi ba. Amma a tambaya, wa ya koya masa? Idan rance ya fito ana saura watanni kaɗan zaɓe, aka raba shi a filin taro da kiɗa da hotuna, aka shigar da sunaye ta hannun shugaban jam'iyya na mazaɓa, da wane baki za a koma a ce bashi ne? Sa'an nan akwai waɗanda aka sa sunansu ba su da ko fegi, 'yan birni masu noma a takarda. Manomin gaskiya ya ga wannan da idonsa, ya ga ba abin da ya sami wanda bai biya ba. Akwai kuma maganar lokaci, wadda manoma da yawa suka koka a kanta. Takin da ya iso bayan masara ta yi kai, bashi ne kawai aka ɗora wa mutum ba tare da an ƙara masa ko buhu ɗaya ba. Shekarar kuɗi ta gwamnati daban, shekarar manomi daban. Damina ba ta jiran a sa hannu a kan kasafi.

Maganar jingina kuwa tsohuwa ce. Tun Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978, abin da banki ya fi yarda da shi shi ne takardar shaidar mallaka mai sa hannun gwamna. Gonar gado a Burji ko Yaryasa, wadda dagaci da mai unguwa da dukan maƙwabta suka san iyakarta, a idon banki kamar babu ita. Amma doka ta riga ta buɗe wata ƙofa da mutanenmu ba su sani ba. A 2016 aka buɗe rajistar jingina ta ƙasa, a 2017 kuma aka sa hannu a kan dokar da ta halatta jinginar da kayan da ake iya ɗauka, kamar injin niƙa, da keken ɗinki, da shanun huɗa, da hatsin da ke cikin rumbu. Ƙofar tana nan, sai dai ba mai nuna wa mutumin Ƙiru hanyarta, bankunan ma ba su cika son bi ta nan ba, domin bin sawun saniya ya fi bin sawun gida wuya. A nan ne ya kamata lamunin gwamnati ya fi ƙarfi: a ce duk rancen da aka bayar bisa irin wannan jingina, kason da asusu zai ɗauka ya fi na sauran.

Akwai wani abu da masu tsara shirye-shirye a Legas da Abuja suka daɗe suna tsallakewa, shi ne cewa mutane da yawa a wannan yanki ba za su karɓi rance mai ruwa ba, kome ƙanƙantar ruwan, domin sun ɗauke shi riba ce da Allah ya haramta. Sau da yawa kuwa waɗannan su ne mafiya riƙon amana a gari, watau waɗanda banki ya kamata ya fi nema. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, wasu sun biyo bayansa, a 2020 kuma Babban Banki ya fitar da ƙa'idojin gudanar da shirye-shiryensa ba da ruwa ba. Fiƙihu yana da hanyoyi da suka dace da sana'o'inmu. Ana iya saya wa mai walda inji a sayar masa da riba sananniya ya biya a hankali, ana iya ba shi haya har ya mallaka, ana kuma iya yin cinikin salam, inda ake biyan manomi kuɗin amfanin gona tun kafin girbi bisa mudu da lokaci sanannu. Salam ɗin nan, in an yi shi da farashi na adalci, shi ne maganin falle, bashin da ke sa manomi ya sayar da hatsinsa tun yana tsaye a gona da rabin kuɗinsa. Sai dai rassan waɗannan bankuna sun fi yawa a manyan birane, mutumin Riruwai kuwa kafin ya kai takarda ya koma ya sake dawowa, kuɗin mota sun cinye wani ɓangare na abin da yake nema.

Shawarar da na fi ba wa ƙarfi ba daga nesa na ɗauko ta ba, daga maƙwabtanmu ne na Jamhuriyar Nijar, inda tun ƙarshen shekarun 1990 Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta taimaka aka yaɗa rance bisa ajiyar hatsi. Da kaka, sa'ad da farashi ya faɗi, 'yan ƙungiya sukan tara hatsinsu a sito guda, a sa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun mai ba da rance. Sai a ba kowa wani kaso na darajar abin da ya ajiye, ya yi kiwo ko noman rani ko ƙaramin ciniki da shi. In bazara ta yi, farashi ya tashi, ya biya ya kwashi hatsinsa. Ku dubi yadda wannan ya dace da Doguwa da Tudun Wada. A yanzu manomi yakan sayar da masararsa da kaka don biyan bukata, 'yan kasuwa su kwashe ta zuwa Dawanau, in damina ta faɗi ya dawo yana sayen irinta da tsada. Da tsarin ajiya, ribar jira ta zama tasa. Jinginar tana nan a gari kowa yana ganinta, ba a bukatar takardar gwamna. Haɗarinsa shi ne shekarar da farashi ya ƙi tashi, kamar yadda kan faru in an buɗe ƙofar shigo da abinci daga waje, da kuma ɓarnar ƙwari ko gobara. To, wannan haɗarin shi ne daidai abin da ya kamata asusun gwamnati ya ɗauka. Aikin ƙaramar hukuma kuma shi ne gina sito mai kyau da samar da ma'auni na gaskiya, wanda ya fi rabon babura amfani nesa ba kusa ba.

A 2025 Gwamnatin Tarayya ta kafa sabon Kamfanin Lamunin Rance na Ƙasa da jarin farko na naira biliyan 100, aka naɗa Yakubu Dogara shugaban hukumar gudanarwarsa. Komawa ce ga hikimar 1977, gwamnati ta tsaya a baya, banki ya ba da kuɗi, kuma a ganina wannan ita ce hanya madaidaiciya. Amma in ba a yi hattara ba lamunin zai ƙare a kan matsakaitan kamfanoni na Legas da Bompai da Sharaɗa, waɗanda dama suna da akanta da lauya. Don haka ya kamata a ƙayyade wa kamfanin kwanakin da tilas ya biya banki a cikinsu in an kawo masa da'awa. Ya kamata kuma ya yarda ya tsaya wa rancen ƙungiya gaba ɗaya, ba sai an kai masa fayil ɗin kowace mai ƙuli-ƙuli ba, gama kuɗin bin fayil ɗin rancen naira 50,000 yana iya kusan kai ribarsa. Ƙungiyar kuwa ta zama ta gaske, wadda ta yi shekara biyu ko uku tana adashi da littafinta, ba wadda aka haɗa daren jiya don an ji ƙamshin kuɗi ba. Littafin uwar adashi shaida ne na riƙon amana, ban ga abin da zai hana banki karɓarsa ba. Masu POS da ke kowace kasuwa su ma za su iya zama wurin biya, mutum ya riƙa zuba kaɗan kaɗan ranar kasuwa ba sai ya je birni ba.

Saura abu ɗaya da mu ɗalibai za mu iya yi tun yanzu. Hukumomi sukan sanar da jimillar abin da suka raba a ƙasa baki ɗaya, wani lokaci jiha jiha, jimilla kuwa tana ɓoye abubuwa da yawa. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa ikon rubuta wa hukumar tarayya ya nemi bayani, ta kuma wajabta a amsa cikin kwana 7. Ina ba da shawara ƙungiyoyin ɗaliban Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa su haɗu su rubuta wa Bankin Manoma da Bankin Masana'antu da sabon kamfanin lamuni, su tambayi mutum nawa aka ba rance a kowace ƙaramar hukuma, mata nawa ne a ciki, a wane wata kuɗin suka fita, nawa kuma aka mayar. Amsar da aka samu a buga ta a wannan mujalla, in kuma ba a amsa ba, a buga ranar da aka kai wasiƙar da sunan ofishin da ya karɓa.